Ƙullin Albasa Talatin

Ranar da likita ya ce wa Husainatu za a cire mata yanar idon hagu ana saura kwana huɗu a kama azumi, ba aikin ne ya dame ta ba. Dokokin da suka biyo baya ne. Wai sati shida ba ita ba hayaƙi, ba ita ba tsayuwa a kan murhu, ba ita ba yankan albasa.

"To likita, miyar fa? Da addu'a za ta dahu?"

Ya yi dariya ya ce ai akwai mutane a gida. Akwai kam. Akwai mijinta Malam Ishaƙ, mai makarantar allo a nan Gumel, wanda shekara talatin yana cin miyarta amma bai san inda ake rataye ludayi ba. 'Yarsu Lauratu tana aure a Maigatari, ga ɗanyen goyo. Su ne mutanen.

Da ta faɗa wa Malam, ko ɗagowa bai yi daga littafinsa ba.

"Wannan ai mai sauƙi ne. Sai a kira A'i ta zo ta riƙe girkin."

A'i ƙanwarsa ce, tana zaune a Sule Tankarkar. Zuwanta na ƙarshe kwana uku kacal ta yi, amma sai da Husainatu ta yi wata guda tana neman kayanta a ɗakin girkinta. Ita A'i in za ta soya albasa sai ta cika murhu da wuta kamar za ta gasa bijimi, ta watsa kanwa wai don ta yi saurin ja, sama ta ƙone ƙasa ta zama kunu. Sannan ta koma gida ta ce wa dangi miyar matar Yaya duk dunƙule ne. Wannan ce za ta zauna mata wata guda, a cikin azumi, lokacin da ake so bakin mutum ya huta da zunubi.

"Malam, bar A'i ta yi azuminta a ɗakinta. Ni ma ina son ladan nawa."

Ta zauna ta yi tunani. Sauran girki ba matsala ba ne, akwai ƙaramin gas da Lauratu ta kawo mata, babu hayaƙi, miya minti kaɗan ce. Albasa ce kawai mai sa hawaye da cin lokaci, kuma ita ce duk sirrin miyarta. To me zai hana ta soya ta wata guda tun idon yana hannunta?

Ranar Alhamis mijin Lauratu ya saka mata rabin buhu a mota daga kasuwar Maigatari, jar nan mai shigowa daga Nijar. Kwana uku ta yi a kai. Ta yanka siriri-siriri, ta zuba man gyaɗa daidai wanda zai jiƙa gindin tukunya, ɗan gishiri, gawayi kaɗan wanda in ka sa hannu sama da shi za ka iya karanta Fatiha ba ka janye ba. Sai juyawa. In ta fara kamawa ta yayyafa ruwa ta kankare. Daro guda ya shiga tukunya, bayan awa ɗaya da rabi ya koma ɗan kwano, ruwan ƙasa kamar dabino, ga zaƙi ba ko ƙwayar sukari.

Malam ya leƙo, ya dubi daron, ya dubi kwanon.

"Ina sauran?"

"Na ci, Malam. Ɗanya. Ba ka ga na yi ƙiba ba?"

Ajiya ce ta rage. Irin wannan mai laushin ba kamar busasshiya ba ce da za ka cusa a gwangwani ka manta. A zafin Gumel kwana biyu ta yi yawa. Wutar lantarki kuwa a unguwarsu baƙuwa ce, in ta zo sai yara sun yi mata ihu. Sai ta yafa mayafi ta shiga gidan da ke jikin katangarsu, wurin Paulina, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Filato. Shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka, kuma tana da firiza mai aiki da sola.

"Maman Joyce, aron sanyi na zo."

"Maman Lauratu, firizar ai taki ce. Amma ki bari ta huce sarai kafin ki ƙulla, kuma ki ƙulla ta miya ɗaya-ɗaya. In kin narkar ba a mayarwa."

Haka aka yi. Ƙulli talatin a farar leda, kowace rana da nata. Paulina ta jera su a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma nata ne, ƙullin zoɓo da na tsamiya da take yi duk lokacin zafi, su ma a farar leda. Ba wanda ya ga abin damuwa a nan. Mata biyu ne suka jera, kowacce ta san nata.

Aka yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Husainatu ta dawo da baƙin tabarau kamar direban tirela. Jajibirin azumi Paulina ta kawo mata ƙulli biyu a kula, ta ce kwana biyun nan aikin yini gare ta, sai ta dawo za ta kawo wasu.

To shi mijin Paulina, Jeremiah, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutumin kirki, irin kirkin da ba ya tsayawa tambaya. Duk shekara ranar farko ta azumi yakan kai ƙanƙara masallacin unguwa a sha ruwa da ita. Bana matarsa ba ta nan. Ya buɗe firiza, ya ga ja ya ce zoɓo ne, ya ga ruwan ƙasa ya ce tsamiya ce. Ya ce ai mai azumi ya fi son tsamiya. Ya kwashi goma sha biyu ya zuba a bokiti.

Aka kira magariba. Dattawa suka ci dabino, kowa ya ɗauki ƙulli, ya ciji bakin leda, ya zuƙa.

Kowa ya tsaya da abin a baki.

Ga Jeremiah tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran a ce wani abu. Maƙwabci ne, ba addininku ɗaya ba, ya ɗauko alheri da hannunsa ya kawo. Wa zai fara tofarwa? Malam Ishaƙ ya haɗiye. Da aka ga Malam ya haɗiye, kowa ya haɗiye.

"Madalla, Baban Joyce. Allah ya saka da alheri."

"Ta yi daɗi, Malam?"

"Ta yi... ta yi kauri."

Ladan Sajo ya ce ƙila haka tsamiyar Filato take. Sauran suka ce lallai kam, kowace ƙasa da irin nata. Jeremiah ya koma gida da farin ciki. Washegari ya ƙara kawo goma sha biyu, tun da an yaba. Suka sake shanyewa. Maza goma sha biyu, a ciki har da mai haddar Alƙur'ani, ba wanda ya iya buɗa baki ya ce wannan albasa ce. Shi kuwa Malam ya shigo gida ya ci tuwo da miyar da aka yi da albasar nan dai, ya lashe hannu, bai ji sun yi kama da komai ba.

Rana ta uku da hantsi Paulina ta yi sallama, kula a hannu, fuska ba daɗi.

"Maman Lauratu, zauna tukuna."

"A zaune nake."

"To ki ƙara zama. Huɗu suka rage."

Da ta gama bayani, Husainatu ta yi salati, ta juya baƙin tabarau wajen zaure ta ƙwala kira. Malam ya shigo.

"Malam, ashe tsamiya kuke sha a masallaci?"

"E, ta Baban Joyce. Bawan Allah."

"Da mai a ciki?"

Malam ya shafa gemu.

"Da gishiri? Tana zare-zare a haƙori?"

"To, ni dai na ji wani iri. Amma kyauta ce, ba a bincikar kyauta."

"Kwana uku na yi ina hawaye a kanta, ku kun zuƙe a zama biyu. Allah ya sa dai dafaffiya ce, da ɗanya ce da ko sahu bai kamata ku shiga ba."

Paulina ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Malam ya gyara murya. "Abin da ya faru ya faru. Bari in kira A'i."

Nan Husainatu ta miƙe. Akwai sauran albasa a buhu. Ta nufi ɗakin girki, ta laluba wuƙa, ta jawo kurfoti da ƙafa. Paulina ta riga ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare.

"Kwana nawa da aikin? Bakwai. Ki shiga hayaƙin nan, in idon ya rufe ba mai sake buɗe miki shi. Ni na ga irinku a asibiti, ba labari aka ba ni ba. Ajiye wuƙar nan."

Husainatu ta tsaya. Jiya da safe ta ɗaga tabarau kaɗan ta ga layukan tafin hannunta, abin da ta yi shekara biyu ba ta gani da idon nan ba. Har ta fara sa ran bana za ta yi tilawa da kanta ba sai ta bi rediyo ba. Ta dubi buhun, ta dubi wayar da ke hannun Malam. Sai ta juya wuƙar, ta miƙa masa ta wajen ƙota.

"Wanda ya sha shi zai yanka."

"Ni? Ina da ɗalibai."

"An ba su hutun azumi, da kunnena na ji. A kira Baban Joyce ma, yau Asabar, ba ofis."

Ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida aka shimfiɗa musu tabarma. Malam da Jeremiah, faranti a tsakiya, hawaye har gemu. Jeremiah yana ta ba da haƙuri yana jan hanci. Husainatu tana can nesa a bakin ɗaki, inda iska ba ta kawo hayaƙi.

"Malam, siriri na ce. Wannan ai ƙafar kujera ce."

Paulina ce a kan tukunya, kuma da yake ba azumi take ba, ita ce mai ɗanɗanawa. Husainatu ba ta ganin cikin tukunyar daga inda take, amma hancinta ba a yi masa aiki ba.

"Maman Joyce, ta fara kamawa ta gefen dama. Yayyafa ruwa. Rage gawayin nan, ba A'i ba ce ke."

Paulina ta leƙa, ta ga haka ne, ta ce, "Kai, Maman Lauratu!"

La'asar sakaliya wayar Malam ta yi ƙara. A'i ce, wai ta ji an yi aiki, ko ta haɗo kayanta? Husainatu ta karɓa.

"A'i, sha zamanki, Allah ya ba da lada. Na samu 'yan aiki biyu, ɗaya har da carbi."

Da albasar ta huce aka ƙulla, wannan karon kowane ƙulli da ɗan tsumman atamfa a wuyansa. Husainatu ta sa aka ɗaga wa Jeremiah ɗaya a gaban ido har sau uku, ya ce wallahi ya gane.

Bayan magariba Malam ya dawo daga masallaci, ido jajir, yatsa ɗaya a naɗe. Ya zauna gaban tuwo ya yi bisimilla.

"Ladan Sajo yana tambaya, wai yau ba a kawo tsamiyar ba."

"Ka ce masa akwai sauran albasa a buhu," in ji Husainatu, tana ɗiga magani a ido. "Wuƙa ma akwai ta uku."