Notina Huɗu a Jaka

Muntaka ya ɗaure noti na ƙarshe, ya sauke jak, ya ce wa 'yarsa Huseina ta shiga su tafi. Tayar baya ce ta fashe musu a tsakiyar gonaki, tsakanin ƙauyensu da titin Zakirai. Ƙarfe tara za ta zauna jarrabawar shiga jami'a a Bacirawa, ga shi takwas ta gota.

Ya tayar da mota, ya sa giya. Motar ta yi gurnani, ta ƙi motsawa.

Ya fito ya durƙusa. Shekara ashirin yana tuƙi, bai buƙaci kowa ya faɗa masa ba. Safayar motar, wato tayar ajiya da ya ɗaura yanzu, siririya ce, irin wadda ake zuwa da ita daga Turai, ƙarfenta bai kai kaurin na sauran tayoyin ba. Notinan tsohuwar tayar da ya ɗaure ta da su dogaye ne, sun zarce sun cije birki. Safayar tana da nata gajeru guda huɗu, a wata 'yar baƙar jaka cikin but.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ki ci gaba da karatunki."

Ya buɗe but ya zazzage komai, alhali ya san ba zai samu ba. Bara da damina, da kuɗin mai ya tashi har ya jingine motar wata uku, maƙwabcinsa Malam Dabo ya zo neman abin ɗaure ƙafar amalanken shanunsa. Shi Muntaka da hannunsa ya miƙa masa jakar, har da cewa a wannan zamani ƙarfe ma bai kamata ya zauna ba aiki ba. Mutane suka yi ta yaba masa.

Ya duba gabas, ya duba yamma. Da can hanyar nan babura ke damun mutum da ƙara. Yanzu ko ɗaya babu, kowa ya koma keke da ƙafa. Haushin kansa ya cika shi har ya rasa wanda zai zaga.

Can sai ga amalanke tafe da taki, shanu biyu na jan ta a hankali. Malam Dabo ne. Muntaka ya ruga da sifana a hannu.

"Malam, Allah ne ya kawo ka! Notinan nan nawa, ara mini su na yau kawai."

Dabo ya washe baki. "Ai Muntaka, kayanka sun yi albarka. Da suka fara kwancewa, na kai wa mai walda ya like su gaba ɗaya. Ya ce sai dai amalanken ta mutu da su."

Muntaka ya sunkuya ya gani. Ga su nan su huɗu, kowanne da dunƙulen walda a kansa.

Huseina ta fito da takardar jarrabawarta a cikin leda. Shekara biyu tana saƙa huluna kafin ta kai ga wannan takarda. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Baba Dabo, titi za ka?"

"Zan bi ta kusa, 'yata. Sai dai shanun ba sa sauri."

Ta tattare hijabinta, ta hau ta zauna a gefen takin. Muntaka ya duba agogo: tara saura kwata. Ya tsaya riƙe da sifana yana kallon notinansa suna juyawa a hankali a ƙafar amalanken, ko girgiza ba sa yi.