Hular da Ta Tsallake Baban Yemima

Mijina Gershon, Baban Yemima, shi ne golan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta tsofaffin ma'aikatan reluwe a nan Kafanchan. Duk Asabar da safe sai su taru a fili, masu tumbi da masu furfura, su yi ta haki suna tsokanar juna kamar yara. In an tashi, a zagaya da hula kowa ya jefa kuɗin ƙungiya, na ƙwallo da ruwan sha.

Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace. Amma ranar Asabar, ina zan huta! Sai na ɗora shi a Keke Napep mun je. Ya zauna a benci yana yi wa sabon gola ihu. Ba mai gane abin da yake cewa, amma kowa na amsa masa.

Ana nan sai ciyaman ɗinsu, Oga Nwachukwu, ya kawo sabon tsari: mai wasa ya biya cikakke, wanda fanshonsa ya maƙale ya biya rabi, marar lafiya kuwa an yafe masa. Kowa ya tafa. Har da ni, don magani ya cinye mana aljihu.

Da aka zagayo da hula, Baban Yemima ya riga ya ciro kuɗinsa. Mai hular ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Baba, kai ka huta," ya wuce. Na ga hannun mijina ya tsaya a sama, sannan ya koma aljihu a hankali.

Asabar ta gaba ya ƙi tashi. Ya juya fuska bango, ko kunun gyaɗa ya ƙi sha. Da na matsa masa, da ƙyar ya haɗa maganar: "Sun cire ni."

Kai, zuciyata ta karye! Na ɗaura zane na nufi filin, na tsaya a tsakiyar wasansu.

"Maman Yemima, lafiya?" in ji Oga Nwachukwu. "Ina mutumina?"

"Mutuminku yana kwance! Kun binne shi da ransa, kuna kiransa alheri!"

"Haba, madam, mu taimako ne muka yi."

"Ya roƙe ku? Baƙo ne ake hana biya. Shi baƙo ne a nan?"

Ya sunkuyar da kai, ni kuwa na juyo gida.

Da hantsi sai ga su a ƙofar gidanmu, duk da gumi da takalman ƙwallo. Oga Nwachukwu ya shiga ɗaki da hular a hannu, ya haɗe rai.

"Gershon, kai wane irin memba ne? Ba ka zo fili ba, ba ka biya ba. To, har da tara! A wane layi kake, na marasa lafiya ko na masu wasa?"

Mijina ya juyo. Da ƙyar ya ce, "Masu wasa."

Ya daɗe yana fama da aljihu. Na motsa zan taya shi, Oga Nwachukwu ya tare ni da hannu. Dattawan nan suka tsaya cik har ya jefa kuɗin a hular da kansa, sannan suka ɓarke da ihu kamar an ci ƙwallo. Ni kuwa na fita tsakar gida na yi kukana.

Suna tafiya na ji mijina yana kirana. Wai in miƙo masa sandar nan da likita ya ba shi, wadda ya ƙi taɓawa tun da aka sallamo mu daga asibiti. Ya ce mai wasa ba ya zuwa fili a ɗauke.