Ba a Goya Dogo

"Sauke hannunka, Malam. Ni ba buhun gawayi ba ne."

Malam ya janye hannunsa. Maƙwabcinsa Dogo, mai gyaran agogo, yana kwance rigingine, ƙafafunsa a yashe kamar na aro. Wada ne, 'yan unguwa suka laƙaba masa Dogo, su a dole sun iya barkwanci. Da lanƙwasasshen ƙashin baya aka haife shi, bana kuma ƙashin ya fara danne laka. Ƙafafu suka mutu, hannun hagu ya bi su. Ɗakinsa yana can ƙololuwar bene, matakalar kuwa ƙuntatacciya ce kamar zuciyar mai gidan. An gwada kujera, ta ƙi shan kwana.

"Yaya, likita ya ce a kai ka asibiti yau," in ji ƙanwarsa. "Goyo ne kawai zuwa ƙasa."

"Goyo! Da furfurata ƙarti ke ɗaga ni sama a kasuwa don nishaɗi. Na rantse ba mai ƙarawa."

"Taurin kai ne zai kashe ka," in ji Malam.

"Kai da ba ka da shi, tun da matarka ta rasu ina ka je? Ƙafafunka lafiya lau, amma mu duka ɗaki muke tsaro."

Malam ya gyara masa matashi.

Haka kwanaki suka shuɗe. Malam na karanta masa jarida, Dogo na kallon silin yana gyara wa 'yan siyasa zance. Da numfashi ya fara yi masa wuya, sai ya daina. Ranar da ya cika, rana tsaka ce, ana ta hayaniya a titi.

Wani ƙato daga hawan ƙasa ya naɗe hannun riga. "Ku matsa, Baba. Ni kaɗai ma na isa in sungume shi."

"Taɓa shi ka gani," in ji Malam. "Mutum huɗu, kamar kowa."

Ya fizgo bargon gadon, aka kira wasu maƙwabta biyu. Suka shimfiɗa Dogo a kai, kowa ya kama kusurwa. A kwanar da kujera ta maƙale, bargon ya lanƙwasa ya wuce salin-alin.

Malam ya tsaya cak. Yana da littattafai har rufin ɗaki, amma ba ko ɗaya da ya gaya masa wannan dabarar tun Dogo na da sauran numfashi.

"Baba, mu je mana."

Suka ci gaba da sauka a hankali. Ta ƙofar da suka bari a buɗe, agogunan mutane suna ta bugawa.