Ƙwayar Jimrau

Isufu da Jimrau dillalan shanu ne a kasuwar Dakoro, rumfarsu ɗaya, kuma ciwon sukari ya kama su kusan lokaci guda. Kowannensu na yi wa kansa allurar insulin a ɓoye, don dillalin da aka ji ba shi da lafiya ba a bar masa dabba. Ƙwayar da suke sha kan allurar ce ta bambanta.

Ta Isufu ƙatuwa ce, metformine, ga wuyar haɗiya, ga murɗa ciki, ga hana marmarin abinci. Ta Jimrau kuwa 'yar mitsitsiya ce. Ana nan Isufu ya zube, riga ta yi masa yawa, shi kuwa Jimrau ya yi kumatu, wuya ya cika, har tumbi ya fito. Abin na cin ran Isufu ƙwarai. Ciwo ɗaya, a ce wani ya zama Alhaji, wani ya zama sanda!

Makiyaya kuma da ido suke ciniki. Ɗaya bayan ɗaya suka koma gefen Jimrau. Saura Hama, Bafillacen Ɗan Gulbi, wanda tun zamanin ubansa gidan su Isufu yake sauka da shanunsa. Shi ma ya fara tsawaita gaisuwa da Jimrau.

Isufu ya tafi asibiti a fusace.

"Lokotoro, ƙwayar Jimrau nika so. Wagga ta ƙare ni."

"Baba, taka ta fi dacewa da kai," in ji likitar. "Tashi glibenclamide ce, tana matsa ma jiki ya fidda insulin ƙari bisa wanda ya ke samu ga allura. Tana sa ƙiba, amma in mutum ya wuni kasuwa bai ci ba, sai ta kada shi. Taka ba ta cika yin haka ba. Ka riƙa shan ta bayan ka ci, kuma ka aje sukari cikin aljihu saboda allurar."

Isufu ya fito yana tsaki. Shi dai ƙiba aka hana shi.

Ranar kasuwa, rana ta take, ciniki ya hana kowa cin abinci. Jimrau na tsakiyar yabon wani bijimi sai maganarsa ta sarƙe, zufa ta karyo masa. Ya sulale ya zauna cikin turɓaya. Mutane suka taru, wasu na cewa iska ce, wani ya tafi neman malami.

Isufu ya san ko mene ne. Hannunsa na kan sukarin cikin aljihu, amma sai da ya ɗan dakata, don yana son Hama, da ke cikin taron, ya kalli ƙaton nan da kyau. Daɗin da ya ji a lokacin ba kaɗan ba ne. Sannan ya ga idon abokinsa na juyawa, ya tsorata, ya kutsa.

"Ku ba ni wuri, ba iska ba ce. Sukarinai ne ya sauka."

"Kai ina ka sani?" wani ya tare shi.

"Don ni ma ciwon gare ni. Kullum sai na yi allura."

Ya jiƙa sukarin a ruwa, ya tallafi kan Jimrau yana ba shi kaɗan-kaɗan. Can sai Jimrau ya dawo hayyacinsa, ya nemi fura.

Da la'asar Hama ya zo rumfar da igiyar bijimai biyu a hannu. Isufu ya miƙe ya gyara hula. Hama ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe yana duban ƙashin wuyansa.

"Ashe abin da ke cin ka ke nan, maigida. Jimrau ko da ya faɗi, da sauran jiki gare shi. Kai ka huta, kada mu wahal da kai. Allah shi ba ka lafiya."

Ya miƙa wa Jimrau igiyar.