Taku Ɗari da Arba'in da Ɗaya

Safiyo ya tsaya a bakin tafkin rami na goma sha shida, sanda a hannu, yana hararar allon da ke nuna nisan tuta. Shekara talatin da biyar ya yi yana awon filaye kafin ya yi ritaya, kuma ko a wasan golf bai yarda da awon kowa ba. Ya ce wanda ya kafa allunan nan da ido ya auna. Kafin kowane bugu sai ya taka da ƙafarsa ya ƙirga.

Abin da ya ja masa ke nan. Wata takwas da fara wasan, masu biyo bayansa sun kai ƙarar jinkirinsa har sau uku. Yau mai kula da fili yana biye da shi da agogo a hannu. In ya wuce awa huɗu, an cire shi daga rukunin safiyar Asabar, inda yake wasa da Akawu da Likita, abokansa tun na makaranta. Tun rasuwar matarsa, su kaɗai yake yi wa maganar da ta wuce gaisuwa.

"Buga ta gefe ka wuce, mutumina," in ji Akawu. "Bugu ɗaya za ka yi asara, ba gona ba."

"Saura minti nawa?"

"Ashirin da biyu, Baba," in ji mai kula da fili. "Ramuka uku suka rage."

Safiyo ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda. Ya san gaskiyar Akawu. Amma hannun ya ƙi saukowa. Allo ya ce ɗari da talatin, idonsa ya ce ƙarya ne. Ya ajiye sandar, ya kama zagaye tafkin yana ƙirge.

Ɗari da arba'in da ɗaya. Da ya dawo, an riga an ce wa abokan su yi gaba. Ya canza sanda, ya buga. Ƙwallon ta haye ruwa ta faɗi dab da tuta, bugun da bai taɓa yin irinsa ba. Ya waiga. Mai kula da fili agogo yake kallo.

Ya gama da bugu casa'in da takwas, karon farko da ya sauka ƙasa da ɗari, a wasan da ƙarancin bugu shi ne gwaninta. Ya kuma wuce lokaci da minti tara.

"Talata da rana babu kowa a filin, Baba," in ji mai kula da fili, murya ƙasa-ƙasa. "Sai ka auna son ranka."

A wurin ajiye motoci ya tarar Akawu ya tafi. Likita na saka jakarsa a but. Safiyo ya miƙa masa katin wasan, ya nuna layin da abokin wasa ke sa hannu ya shaida. Likita ya daɗe yana duban lambar.

"Ka yi ƙoƙari, wallahi. Amma ban ga ramuka ukun ƙarshe ba. Kai ma ba ka taɓa sa hannu a awon da ba ka gani ba."

"Haka ne."

"Za mu riƙa yin waya."

Safiyo ya ninke katin ya sa a aljihu. Daga nan zuwa motarsa taku sittin da biyu ne. Ya ƙirga su a hankali, tunda babu mai jiransa.