Takardar da Inno ta Tsinta

Sunana Zaharadeen, shekaruna ashirin da uku, kuma ban taɓa daɗewa a kan sana'a ɗaya ba. Daga aji biyu na ƙaramar sakandare na bar makaranta. Na taɓa ɗinki, na taɓa cajin waya a kasuwar Wurno, na bi motar albasa sau biyu. Yanzu haya nake yi da mashin tsakanin Wurno, Marnona da Rabah, kuma shi ne ya fi dacewa da ni domin ba a zama wuri ɗaya.

Mahaifina, Malam Shittu, manomin albasa ne. Lambunsa yana manne da na amininsa, Baba Iliyasu. Fiye da shekara ashirin rijiyarsu ɗaya, kuma da aka fara yayin injin ban ruwa tare suka saya. Mu yara mun tashi ba mu san iyakar lambun nan biyu ba.

Duk wanda ya san albasa ya san idan ganyenta ya kwanta, yanke mata ruwa ake yi kwana goma ko fiye kafin a cire. In ta sha ruwa a wannan lokaci, ba ta ajiyuwa, ruɓewa take yi a cikin rudu, wato rumbun karan da ake jibge ta don ta sha iska. A bara albasar Baba ta kai wannan matsayi, ta Baba Iliyasu kuwa da saura, yana ba ta ruwa.

Ranar wata Talata Baba Iliyasu ya yi ban ruwansa da safe, ya kashe inji, ya tafi gida. Ni kuma da rana tsaka na biyo ta fadama mashin ɗina duk laka. Ba kowa a lambun. Na tayar da injin, na ja tiyo na wanke mashin. Ina cikin haka waya ta yi ƙara, abokina Ƙasimu ne, wai ga mutum biyu za su Goronyo kuma shi tayarsa ta yi faci. Na yar da tiyon a bakin fangalin Baba, wato kwamin albasarsa, na ce a raina yanzu zan kashe, na tsaya goge madubi, na hau na tafi. Sai da na wuce rabin hanya na tuna. Ban juyo ba. Na ce man da ke ciki ba shi da yawa.

Man ya isa. Washegari aka tarar da lambun Baba ya zama tafki. Bayan mako uku wari ya hana kowa tsayawa kusa da rudunmu. Da cebur muka kwashe aikin wata huɗu muka zubar a bayan gari.

Kowa ya san wanda ya yi ban ruwa a ranar. A ƙofar masallaci, bayan la'asar, Baba ya tare amininsa a gaban jama'a.

"Iliyasu, in sakaci na, ka ce sakaci na. In kuwa baƙin ciki na don tawa ta riga taka nuna, shi ma ka faɗa."

Baba Iliyasu ya ce, "Shittu, wallahi na kashe injin nan da hannuna."

"To aljanu sunka tada shi ke nan."

Wasu suka yi dariya. Ina tsaye a wurin, riƙe da takalmina. Baba Iliyasu ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya biyo ta kaina ya wuce. Na sunkuya kamar ina gyara maɗaurin takalmi.

Daga ranar suka daina gaisawa. Wata takwas.

Ni kuma na zama wani iri. Fasinja ya yi mini magana kaɗan sai in hau shi da faɗa. Abinci ba ya zama a cikina. In na hango farar hular Baba Iliyasu a hanya, sai in karya kan mashin in shige lungu. Ban taɓa zama na ce wa kaina ga dalili ba. Ina dai cewa zafi ne, mai ya yi tsada, mutane ba su da kirki.

Ƙanwata Ruƙayyatu tana koyon aikin jinya a Rabah. Wata rana na kai mata saƙon Inno, mahaifiyarmu, ta dube ni ta ce, "Yaya, ka ga wuyanka kuwa? Kamar na zakaran da ya sha kashi."

"Ba ni maganin gyambon ciki, ki bar surutu."

"Sau ukku ina ba ka. Ba cikinka na ba." Ta shiga ɗaki ta fito da sabon littafin rubutu mai shuɗin bango. "Malamarmu ta sa mu yin wani abu, ni dai ya yi mani amfani. Kullum ka rubuta wanda ya ba ka haushi, da mi ya yi. In ka ƙare, ka tambayi kanka: ina na san wanga hali?"

"Ni da ban ƙare aji biyu ba?"

"Ba mai duba maka. Ko ni ba ni son gani."

Na karɓa don kada ta ji ba daɗi. Kwana biyar littafin yana ƙarƙashin sirdin mashin. A rana ta shida, ina jiran fasinja a inuwar wata bishiyar dogon yaro a Marnona, na buɗe shi. Abin da hannuna ya fara yi shi ne rubuta Bisimilla da Larabci a saman shafin, yadda aka saba mana tun makarantar allo. Ban yi tunani ba. Haka na riƙa yi a kowane shafi.

Rubuta haushin mutane ba wuya. Na rubuta mai sayar da mai da ke tauye kwalba. Na rubuta matar da ta hau da buhu ta ce wai jaka ce. Tambaya ta biyu kuwa tsallake ta nake yi.

Sai ranar da Ƙasimu ya take akuyar wata tsohuwa kusa da Tursa. Ina bayansa, na gani. Da tsohuwar ta fito tana salati, ya nuna mata wata motar itace da ta riga ta yi nisa, ya ce ita ce. Da muka tsaya ya yi ta dariya yana cewa, "Ka ga basira? Ai mai mota ba ya ji ba ya gani."

Na koma ƙarƙashin dogon yaron na cika shafi biyu da zagin Ƙasimu. Matsoraci. Munafuki. Mutumin da zai tsaya yana kallo a ɗora wa wani laifinsa, a ce masa mi? Na rubuta cewa irinsa bai cancanci a ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Da na rasa sauran zagi, sai na ga akwai fili a ƙasan shafin, na rubuta tambayar Ruƙayyatu don kawai in cike shi. Ina na san wannan hali?

Na daɗe ina kallon layin. Wani mutum ya zo ya ce Wurno, na ce ba ni zuwa.

Na juya sabon shafi, na sa Bisimilla, na rubuta: Ni na tayar da injin. A kashe na same shi. Daga nan abin ya yi ta fitowa, da tiyon, da wayar Ƙasimu, da yadda na tuna a hanya na ƙi juyowa, da takalmin da na yi kamar ina gyarawa. Na rubuta abin da ban taɓa sani ba sai da na gan shi a takarda: ba dukan Baba nake tsoro ba, ya daina dukana tun tuni. Tsoro nake ya dube ni ya ce dama ya sani, ba abin da zan taɓa riƙewa ya yi kyau.

Da na karanta shafin, kunya ta rufe ni har na waiga ko wani na kallona. Ina isa gida na yage shi, na dunƙule, na jefa bayan ɗakin girki inda ake tara shara.

Da safe ina ɗaure kaya a mashin sai ga Inno da takardar a hannu, ta warware ta tana lallashe ta a cinya.

"Zaharadeen, wagga taka ta?"

Na ce, "Shara ta, Inno."

"Shara da sunan Allah bisa? Kai ko kunya ba ka ji? Awaki na bi nan." Inno ba ta karatun boko, Baba ma ajami kawai ya iya, amma Bisimilla ko daga nesa sun san ta. Ta ninke takardar, ta wuce zaure, ta cusa ta a tsagar bangon da Baba ke tara duk wata takarda mai sunan Allah da aka tsinta a ƙasa. In sun taru yakan ƙone su a kasko ya binne tokar a wuri mai tsabta.

Tsagar tana daidai saman inda Baba ke shimfiɗa buzunsa. Kullum in zan fita sai na durƙusa na gaishe shi, ga gefen takardar ya leƙo a kan hularsa. Sau biyu na sami zauren ba kowa na miƙa hannu, sau biyu na fasa. Ban san dalili ba. Na dai ci gaba da rubutu a littafin, kuma yanzu ba Ƙasimu a ciki, ba mai sayar da mai.

Ana cikin shirin dashen sabuwar albasa labari ya zo cewa Baba Iliyasu ya bar lambunsa. Babban ɗansa Kabiru zai zo ranar Asabar ya kwashe shi ya koma da shi Goronyo. Inno ce ta faɗa muna cin tuwo. Baba ya tsame hannunsa daga kwanon.

Ranar Juma'a da hantsi Baba ya kira ni zaure. Ya ajiye kasko a gabansa, ya zaro takardun tsagar duka.

"Kawo ashana."

Na kawo. Yana ɗaukar su ɗaya ɗaya, ya duba, ya sa a kasko. Na ga lissafin a fili: minti biyu, takardar ta zama toka, gobe Baba Iliyasu ya tafi, ba wanda zai ƙara tayar da maganar har abada. Ya ɗauki tawa ya buɗe, ya nisanta ta da idonsa.

"Wanga hannunka na, kamar kaza ta bi ta kan laka. Mi ka rubuta haka da yawa? Addu'a ta?"

Da na ce eh, da shi ke nan. Har ya fara miƙa ta wajen kaskon.

Na ce, "Baba, ba ni in karanta maka."

Na karanta a tsaye. Na riƙa tuntuɓe a kan rubutun kaina. Ban tsallake ko layi ɗaya ba, har wurin takalmin, har wurin abin da nake tsoron ya faɗa. Da na gama ban iya ɗaga kai ba. Ina kallon yatsun ƙafarsa.

Sannan ya ce, a hankali, "Gaban mutane na ce mashi mai baƙin ciki."

"Eh, Baba."

"Kana tsaye."

"Ina tsaye."

Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Tada mashin."

A ƙofar gidan Baba Iliyasu mun tarar an fito da kaya: tabarmi a naɗe, buhunan gero, da tiyonsa a nannaɗe an ɗaure da igiya. Yana zaune a kan turmi. Ya rame. Da ya ga Baba ya yunƙura zai shige gida.

Baba ya ce, "Iliyasu, tsaya. Ba ni za ka saurara ba." Ya miƙo mini takardar. "Karanta."

Karo na biyu ya fi na farko wuya, domin maƙwabta sun fara leƙowa. Da na kai ƙarshe Baba Iliyasu bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Ya ce, "Koma baya. Wurin da ka ce ka iske shi."

Na karanta, "A kashe na same shi."

"Ƙara."

"A kashe na same shi."

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Da ya buɗe ya ce, "Wata takwas ina tambayar kaina. Da fari na tabbata na kashe. Daga baya na ce, ko dai tsufa na? Har na fara duba ƙofa sau ukku in na rufe. Ni na ce ma Kabiru shi zo shi ɗauke ni, kada in ƙara ɓata ma wani dukiya." Ya dube ni. "Ba albasa kaɗai ka ruɓar ba, ɗana."

Na durƙusa a ƙasa. Na ce ya yafe mini.

Baba ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ya yi a waje ba. Ya ce, "Inda na faɗi maganar, can za ni janye ta. Yau, bayan Juma'a. Shi kuma shi tsaya kusa da ni."

Haka aka yi. Na tsaya a ƙofar masallaci, ba takalmi a hannuna da zan fake da shi, mutane suna kallona. Ƙasimu yana cikinsu, shi ne ya fara kawar da kai.

Ranar Asabar Kabiru ya zo da mota ya koma da buhun gero biyu kawai, mahaifinsa bai bi shi ba. Baba Iliyasu ya aiko a ce mini in zo in kai tiyonsa fadama. Na saɓa shi a kafaɗa, yana tafe a gabana har muka isa. Baba yana can yana gyara fangali. Suka gaisa gajeriyar gaisuwa, irin ta mutanen da suka manta yadda ake yi.

Har yau Baba Iliyasu bai ce ya yafe ba. In na gaishe shi yana amsawa. Jiya ya ce in tayar masa da injin, ya tsaya a kaina har na gama, kuma da lokacin kashewa ya yi ya ture hannuna ya kashe da kansa.

Da azahar na rubuta wannan a littafin, a inuwar dogon yaron Marnona. Saura shafi shida. Na aika wa Ruƙayyatu ta sayo mini wani.