Wayar da ta ci kunnen Zakiyya

Sau biyu na je Funtua a kan waya naɗi guda, ni Tasalla, da wannan gwiwar da ko rijiya zan je sai na tsaya na huta a hanya.

Gwiwar ce ma ta jawo komai. Da ta hana ni zuwa gona roron wake, sai na koma zaman gida a Dayi, ina kallon kaji. Ana nan ƙungiyar mata ta kawo wata Malama Najiba daga Malumfashi, tana koyar da haɗa 'yan kunne da waya da duwatsu. Na ce wannan aikin zaune ne, zan iya.

Ranar farko Malama ta ce waya iri-iri ce. Akwai siririya ta ɗaure dutse, akwai mai ɗan kauri ta yin ƙugiyar da ke shiga kunne. Ta rubuta lambobinsu a allo, 'yan mata suka kwafa a takarda. Ni da ban san bihim ba, abu ɗaya na riƙe a ka: wadda za ta shiga kunnen mutum, kada ta zama mai tsatsa.

Shi na faɗa wa Alhaji Sada, mai shagon duwatsu da zare a kasuwar Funtua. Na ce ta kunne nake so, wadda ba ta tsatsa. Ya miƙo wata fara tas, tana ƙyalli kamar azurfa.

"Iya, wannan ko a rijiya ta shekara, haka za ki tsamo ta."

Mako uku ina fama da ita. Filaya ta cije ni ya fi a ƙirga. Ina lanƙwasa wayar a jikin ƙusa, ta fito a karkace, na miƙar, ta karye. Bakinta kuwa kaifi gare shi, sai na goga a dutsen wasa wuƙa har ya yi laushi. Da na samu guda biyu suka fito daidai, da jan dutse ɗaya-ɗaya, ban kai wa kowa ba. Na kira jikata Zakiyya, 'yar ɗana Mudi, shekararta uku. Kullum a gindina take wuni, ni nake goya ta in uwarta na aiki.

"Zo nan ƙawata, ke za ki fara sawa."

Ta yi ta juya kai tana nuna wa awaki.

Kwana biyar kunnen hagu ya kumbura ya yi jawur, ƙugiyar ta nutse cikin nama. Sai da aka kai ta asibiti aka yanke wayar da almakashi, mutum biyu na danne da ita. Uwarta Rabi'atu ta dawo da ita a goye, ba ta ko dubi ɗakina ba. Da na miƙa hannu, sai ta ja da baya.

"Inna, ki yi haƙuri. Wayar da aka tsinto a bola ba a sa wa yaro."

"Wa ya ce miki a bola na tsinto?"

"Haka mata ke faɗa a gidan niƙa."

Mudi na tsaye yana sosa ƙeya. Tun daga ranar, in Rabi'atu za ta fita, maƙwabta take kai yarinyar. Ni ina zaune a tsakar gida, a wuce ni da ita.

Na kai wa Malama Najiba ragowar wayar. Ta kankare ta da wuƙa, farin ya tashi kamar ɓawon albasa, ga baƙin ƙarfe a ƙasa. Ta ce wannan ta ɗaure furannin roba ce, ruwan fari kawai aka shafa mata. Ta ce da na kawo mata ta duba tun farko. To, da. Yanzu wa zai ba ni da?

Na hau mota na koma Funtua. Na sami Alhaji Sada yana auna wa wata mata duwatsu. Na ajiye wayar a kan teburinsa, gefen da aka kankare yana sama, na jawo bencinsa na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa.

"Iya lafiya? Kin tare mini hanya."

"Ka gane wannan? Ita ce mai shekara a rijiya. Kwana biyar ta yi a kunnen jikata."

Ya juya ta a hannu, ya ce shi ma haka aka kawo masa daga Kano, a kwali ɗaya da ta kirkin. Ya buɗe aljihun tebur zai mayar mini da abin da na biya.

"Rufe. Ban hau mota da wannan gwiwa don shi ba."

"To me kike so, Iya? Na sauya miki wata?"

"Bakinka nake so. Ka gaya wa surukata cewa a shagonka na saya, kai ka ce ta kunne ce."

Ya yi dariya. "Haba Iya, ni zan shiga rigimar suruka? Tawa ma ta ishe ni."

Matar da ke sayen duwatsu ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki wayar ta duba, ta ajiye ledar da aka auna mata, ta fita. Wata ta zo, na nuna mata, ita ma ta wuce. Ban ɗaga murya ba, ba ni da ƙarfin haka. Nunawa kawai nake yi. Har aka kira Azahar ina nan.

Da ya dawo daga masallaci ya ce, "Kawo lambar."

Na kwance bakin zane na ba shi takardar da Mudi ya taɓa rubuta mini lambarsa a ciki. Ya kira a salularsa, Mudi ya ba Rabi'atu. Alhaji ya faɗa, amma a dunƙule, wai an samu kuskure. Na ce ya ƙara, ya faɗi maganar rijiya. Ya harare ni, ya faɗa. Na ji muryar Rabi'atu ƙasa-ƙasa tana cewa, "To Alhaji, na ji."

Ya ɗauko wata waya ya ce wannan ta gaskiya ce, na karɓa kyauta. Na ce ya kankare a gabana. Ya kankare, fara ce har ciki. Na karɓa ban gode ba.

La'asar sakaliya na iso gida, gwiwar ta zama kamar tulu. Rabi'atu na tankaɗe a ƙofar madafa. Ta ce sannu da hanya, ta kawo mini ruwa, ba ta ɗaga ido ba. Can ta shiga ɗaki ta fito da Zakiyya, ta dire ta a bakin tabarmata.

"Je ki gaida Inna."

Na miƙa hannu. "Ƙawata, zo mana."

Yarinyar ta dubi hannuna, ta dubi ledar wayar da ke cinyata, ta sa tafi ta rufe kunnen hagu. Ba ta zo ba. Na tura ledar ƙarƙashin tabarma, na buɗe mata hannuwana biyu ta ga ba komai. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta zauna a can ƙarshen tabarmar, inda hannuna ba ya kaiwa, tana wasa da yatsun ƙafarta.

Ban matsa ba. Rabi'atu ta koma kan tankaɗenta, ta bar mini ita a nan.